Kifaye Huɗu a Takalmin Nas

Ƙarfe ɗaya da kwata na rana aka bugo waya caji ofis cewa an sace jaririya a asibitin haihuwa. Kwananta uku a duniya.

Sufeto Agogo yana cin abinci a teburinsa lokacin. Ya ture kwanon, ya duba agogon hannunsa, ɗabi'ar da ta jawo masa sunan ke nan, ya ce wa Kofur ta ɗauko makullin mota. Kofur mace ce mai 'ya'ya biyu. Da ta ji an ce jaririya, ba ta sassauta gudun motar ba har suka isa.

Likita ya tare su a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Yallaɓai, kafin komai ka ji wannan. Yarinyar tana da ciwon shawara mai ƙarfi, jikinta duk ya yi rawaya. A ƙarƙashin fitila take wuni take kwana, awa ɗaya kawai muke fito da ita ta sha nono. In ta daɗe ba fitila, abin zai iya hawa ƙwaƙwalwarta."

"Zuwa ƙarfe nawa?"

"Ba zan iya yanke maka ba. Ni dai ba na son shida ta yi tana waje."

Sufeto ya sake duba agogo. Ya saba bin ɓarayin da za a iya kamawa gobe ko jibi. Wannan ba shi da gobe.

Mai jegon tana kwance a gado na ƙarshe, aiki aka yi mata, ko zama ba ta iya yi sosai. Ta daina kuka, kuma shirun nata ya fi kukan ban tsoro. Mijinta yana tsaye a gefen gadon riƙe da kwandon abinci, ya manta bai ajiye ba.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji Sufeto. "Wa kika ba wa yarinyar?"

"Sista Mai Kifi."

"Kin ga fuskarta?"

"Ba a ganin fuska a nan."

Sufeto ya waiwaya. Gaskiya ta faɗa. Duk nas ɗin da ke ɗakin ta rufe kai da hula, ta rufe hanci da baki da takunkumi, ga riga mai faɗi iri ɗaya. Sai da ya kai ido ƙasa ya ga bambanci. Dukkansu takalmin roba ne shuɗi mai huje-huje a sama, amma kowacce ta maƙala wa nata 'yan kayan ado a cikin hujin. Wannan furanni, waccan taurari, wata kuma 'yan tsuntsaye.

Babbar Sista ce ta matso ta yi bayani.

"Dokata ce, Yallaɓai. Tun da masu jego ba sa ganin fuskokinmu, sai na ce kowace nas ta zaɓi ado ɗaya, kada wata ta yi irin na wata. Ranar da mace ta haihu muna gaya mata: ga taki, ki dubi ƙafa, kada ki miƙa wa kowa ɗanki sai ita. Shekara shida muna haka, ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

"Na duba," in ji mai jegon, idonta a kan rufin ɗaki. "Wallahi na duba ƙafar. Kifi huɗu rawaya, biyu a nan biyu a can. Ta miƙo hannu, na ba ta. Da hannuna na ba ta."

"Ta yi magana?"

"A'a."

"Ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi. Na ce ai lokaci bai yi ba, ba ta ƙoshi ba. Ta dai miƙo hannu. Da ƙarfe ɗaya ta yi sai ga ta kuma ta dawo, wai in kawo yarinya."

Sista Mai Kifi tana zaune a ofishin Babbar Sista, an sa mai gadi a ƙofa. 'Yar ƙaramar mace ce, ƙafafunta da ƙyar suke taɓa ƙasa daga kan kujera. Ta cire takunkumi, leɓenta ya bushe.

"Ina kike ƙarfe sha biyu da rabi?"

"Ɗakin magani. Ina lissafa allurai."

"Wa ya gan ki?"

"Ni kaɗai ce."

"Takalmin nan yana ƙafarki?"

"Tun safe ban cire ba."

"To ke kika ɗauki yarinyar ke nan."

"Wallahi ban ɗauke ta ba, Yallaɓai."

"Ɗaya daga cikin maganganun nan biyu ƙarya ce. Ciro takalmin."

Ta ciro ta miƙa masa. Sufeto ba baƙon waɗannan kayan ado ba ne. 'Yan matansa uku sun cika masa gida da su, kuma babu safiyar da ba ya taka ɗaya da ƙafa ba takalmi ya yi ta faɗa shi kaɗai. Ya san kowane yana da ɗan maɓalli a baya wanda ake tura shi cikin huji, ya kuma san ana cire shi cikin ƙiftawar ido.

Ya kai takalmin bakin taga. Robar ta koɗe saboda ruwan bilic da ake wanke ta da shi kullum. Amma a kusa da kowane kifi akwai wani huji wanda babu komai a ciki, kewaye da tabo mai shuɗi sosai, siffar kifi sak, har da wutsiya.

"Wata nawa kifayen nan suna wuri ɗaya?"

"Sun fi shekara."

"To yau sun tashi. Duba."

Ta karɓa ta duba. Ya ga launin fuskarta ya canza. Ta taɓa kifin da ke saman babban yatsa na hagu.

"Ba na sa komai a nan," ta ce a hankali. "Farcena yana shiga nama. Maɓallin yana danna shi. Shi ya sa tun ɗazu yake min zafi, na zaci tsoro ne."

"Wani ya cire su, ya yi aiki da su, ya mayar cikin gaggawa. Ba a yin haka takalmi yana ƙafar mai shi. Sista, ƙarfe biyu saura minti biyar. Kina kare aikinki, yarinya tana can ba fitila."

Nan ta fashe da kuka. Mahaifinta yana da ciwon sukari, gidansu a bayan asibitin yake. Kullum in ta kai jarirai wurin uwayensu ƙarfe sha biyu, sai ta zare takalmin aiki ta ajiye a kan kantar takalma, ta sa nata na gida, ta ruga ta yi masa allura ta dawo kafin ɗaya. In Babbar Sista ta sani, kora ce.

"Wa ya san kina fita?"

Ta kawar da kai. "Ba kowa."

Sufeto bai matsa ba. Ya lura dai ta amsa da sauri fiye da kima.

Kantar takalman tana wani ɗan ɗaki kafin a shiga ɓangaren jarirai. A nan kowa ke sauya kaya, don doka ta hana a fita da takalmin aiki waje. Mai kula da ɗakin wata tsohuwa ce da ake kira Iya Mai Wanki. Hannayenta sun yi fari sun tsattsage saboda bilic.

"Iya, ina kike tsakanin sha biyu da ɗaya?"

"Ina bayan gini ina shanya, ɗana. Kullum lokacin ne. Kowa ya sani."

Sufeto ya tsaya gaban kantar. Abu ɗaya ke damunsa. Wanda ya zo sata yana da minti kaɗan, me ya sa zai tsaya cire kifi ɗaya bayan ɗaya, bai zura takalmin gaba ɗaya ba? Ya juya takalmin Mai Kifi ya duba lamba. Talatin da shida.

"Ƙafar ta fi ƙarfin takalmin," ya ce wa Kofur. "Nemo min masu manyan ƙafafu."

Suka bi layi-layi. Na ƙasa duk na masu aiki ne, ko dai babu su a wurin ko suna ɗauke da adonsu. A layin sama akwai ƙafa biyar, ba ado ko ɗaya a jikinsu.

"Waɗannan fa?"

"Na masu hutu ne," in ji Iya. "In mutum zai tafi hutu sai ya ƙwaƙule adonsa ya tafi da shi gida, kada a yi masa ɗauki ɗai-ɗai. Ni kuma in wanke in kife su, don kada ƙura ta shiga." Ta ɗaga kai ta duba layin. "Wancan ba ni na ajiye shi haka ba."

Huɗu a kife suke. Na biyar yana zaune, bakinsa sama.

Kofur ta sauko da shi da hankici. Lamba arba'in da biyu. Ƙasansa da danshi, yana warin maganin da aka goge ɗakin masu jego da shi da rana. A bakin wani huji kuma akwai ɗan ɓallin roba rawaya, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sufeto ya kara shi da kifin da ke hannunsa. Wutsiyar ta ɓalle a daidai wurin.

"Na wace ce?"

Iya ta zauna a kan bokitin da ta kife.

"Na Sista Doguwa ne. Mako biyu ke nan da ta tafi hutun haihuwa."

"Mai tsohon ciki?" in ji Kofur. "To wani ne ya ari takalminta."

Iya ta sunkuyar da kai. Tana ta murza hannayenta.

"Iya, akwai magana a bakinki."

"Ɗana, ni ba likita ba ce. Takalmi nake wankewa, shekara goma sha tara. Amma duk wadda ta yi ciki a ɗakin nan, takalminta ne ke fara gaya min. In ta shiga wata bakwai ƙafa ta kumbura, sai ta tura igiyar takalmin da ke riƙe dunduniya gaba, ko ta zo ta ce in nemo mata babba. Dunduniya takan lotsa, don nauyi ya ƙaru. Wannan..." Ta nuna shi da baki. "Ciki yana ta girma, takalmi yana nan yadda yake. Igiya a baya har ranar da ta tafi."

"Kin gaya wa wani?"

"In ce me? In ce takalmi ya ce? Na ce wataƙila ita haka jikinta yake. Na yi ta roƙon Allah ya sa ni ce na yi kuskure."

Kofur ta buɗe babban kwandon kayan wanki da ke kusurwa, ta zura hannu har kafaɗa. Ta fito da wani matashi mai zagaye, girman tsohon ciki, an ɗinka masa igiyoyi huɗu na ɗaurawa a baya. Ta riƙe shi nesa da jikinta.

"Yallaɓai, in ta shigo da wannan ta bar shi a nan, da me ta cike rigar ta fita?"

Sufeto ya duba agogo. Ƙarfe uku saura kwata.

Mai gadin ƙofar baya ya rantse da girman iyayensa cewa ko kaza ba ta wuce ta gabansa ba.

"Ka san Sista Doguwa?"

"Wa bai san ta ba? Mutuniyar kirki."

"Yaushe rabonka da ita?"

"Tun da ta tafi hutu."

Sufeto ya ɗora masa matashin a kan tebur. "In yarinyar nan ta mutu, sunanka zan fara rubutawa."

Mai gadi ya dubi matashin. "Ta zo wajen sha biyu. Ta ce awo ta zo, kada in rubuta ta, kunya take ji abokan aiki su gan ta. Ta fita ɗaya saura."

"Ka caje ta?"

"Haba Yallaɓai, mai ciki? Kuma tamu? Ta rungume cikin da hannu biyu, tana tafiya a duƙe. Har na ce ko in tare mata mota. Ta ce a'a."

Mai Kifi ce ta ba su kwatancen gidan Doguwa. Da aka nuna mata matashin sai ta toshe baki. Doguwa ce kaɗai ta san tana fita, ita ce ma ke rufa mata asiri shekara guda. Aminai ne.

Likita ya shiga motar tare da su, jakarsa a cinya. Hanya ta cushe. Sufeto ya daina duba agogo, abin da Kofur ba ta taɓa gani ba, kuma hakan ya fi tayar mata da hankali.

Gidan yana hawa na biyu. A kan matakala suka ci karo da wani mutum yana hawa da gudu, ɗauke da ledoji cike da kayan jarirai, bakinsa har kunne.

"Ku ba ni hanya, jama'a, matata ta haihu. Ina wurin aiki ta kira ni. Ita kaɗai a gida, ko taimako ba ta nema ba. Shekara tara muna jira." Sai ya lura da kakin Kofur. "Lafiya?"

"Buɗe ƙofar, malam," in ji Sufeto.

Falon tsit yake. Wannan shirun ne ya tsinka wa Sufeto zuciya. Gidan da ke da jaririya mai jin yunwa ba ya yin shiru haka.

Ƙofar ɗakin kwana a kulle take ta ciki.

"Sista," ya ce, bai ɗaga murya ba. "Sunana Sufeto Agogo, ɗan sanda ne ni. Likita yana tare da ni. Ba mu zo da faɗa ba."

"Barci take yi," wata murya ta ce daga ciki. "Ku tafi, za ku tashe ta."

"Yaushe ta yi kuka na ƙarshe?"

Sufeto ya ƙara matsowa jikin ƙofar.

"Ta karɓi madara?"

"Ta ƙi. Za ta karɓa. Ba ta saba da ni ba ne."

Likita ya matso bakin ƙofar. "Sista, ni ne. Kin fi ni sanin wannan aikin. Ɗaga fatar idonta ki gaya min abin da kika gani."

Mijin yana kallon wannan yana kallon wancan, ledojin har yanzu a hannunsa.

"Na sa ta a rana ta taga," muryar ta ce. "Ban san tana da shawara ba. Ban karanta katinta ba. Sai da na kwance ta a nan na gani."

"Rana ba za ta isa ba, kin sani. Wuyanta ya fara sanƙarewa?"

"Bai fara ba."

"To buɗe, tun bai fara ba."

Makulli ya juya.

Doguwar mace ce, rigarta ta saki a gaba, babu ciki babu alamarsa. Jaririyar tana kan gadon yara sabo fil, jikinta rawaya har tafin ƙafa, ba ta motsi sai ƙirjinta da ke ɗagawa kaɗan-kaɗan. Likita ya sure ta, ya duba ido, ya lanƙwasa wuyan a hankali.

"Da sauran lokaci. Kofur, mota."

Likita da Kofur suka sauka da ita da gudu. Huɗu da minti goma.

Sai a lokacin Sufeto ya ga abin da ke rataye a saman gadon. Zare ne aka jera wa kayan adon takalmi, sun kai ashirin: 'yar kwalbar madara, ɗan tafin ƙafa, keken jarirai, 'yar safa, ɗan beyar.

"Na mene ne waɗannan?"

"Abokan aikina," in ji Doguwa. Ta zauna a bakin gado. "In ɗayarmu ta samu ciki, kowacce sai ta sayo mata ɗaya. Ba a miƙa miki a hannu. Durƙusawa ake yi a gabanki a maƙala miki a takalmi."

"Akwai cikin da gaske?"

"Akwai. Ya zube a wata na huɗu, ranar wata Lahadi, shi yana tafiya. Na shiga aiki Litinin da niyyar in faɗa. Ina buɗe ƙofa sai ga Babbar Sista da kanta ta durƙusa, da ciwon gwiwarta, tana sa min wannan ɗan tafin ƙafar. Suna ta tafi. Na ce gobe zan faɗa. Gobe wata ta kawo nata. Huji ashirin da shida ne a takalmin nan, Yallaɓai. Ina kallo suna cikewa ɗaya bayan ɗaya."

"Shi ne kika sa kifayen aminiyarki."

"Na san ƙafa kawai za a duba. Mu muka koya musu." Ta share fuska. "Na mayar mata da su don kada ta rasa su. Ban yi tunanin za a kama ta ba. Ban yi tunanin komai ba."

Mijin ya ajiye ledojin a ƙasa a hankali. "Wata biyar," ya ce. "Kika ce likita ya ce ki riƙa kwana ke kaɗai. Ina sa kunne a ƙofa in ji ko kina lafiya."

Ba ta iya kallonsa ba. Ta miƙa wa Sufeto hannayenta biyu tun kafin ya ciro ankwa. Bai sa mata ba. Ya riƙe ta a gwiwar hannu suka sauka, maƙwabtan da suka fito yin barka suka dare suka ba su hanya.

Shida saura Sufeto ya koma asibitin don ɗaukar bayanin mai jego. An turo gadonta har jikin gilashin ɗakin jarirai. Yarinyar tana ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe mata ido, tana tsala kuka da ƙarfinta. Likita ya ce wannan kukan shi yake so ya ji.

Da lokacin shan nono ya yi, aka kawo mata ita. Ta sha, ta ƙoshi. Sai ga nas ta zo ɗauka, 'yar ƙarama, takalminta ba ado ko ɗaya, don kifayen suna cikin leda a aljihun Sufeto. Ta miƙo hannu.

Mai jegon ba ta dubi ƙasa ba. Ta ƙanƙame 'yarta da hannu ɗaya, ta kama wuyan hannun nas ɗin da ɗayan.

"Sauke takunkumin," ta ce. "Ki kuma yi min magana in ji muryarki."